Gyara tsohon gini ko rushewa a yi sabo, wanne ya fi sauƙi ga muhalli?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace suna da tsohon bene mai hawa uku da ya haura shekara arba'in, zafi ya yi masa yawa, yana cin wuta sosai, rufi na yoyo, bango kuma duk ya tsattsage. Ɗan kwangilar da suka kira yace su rushe kawai a yi sabo na zamani mai sola da gilasai masu tare zafi, wai hakan ma shi ya fi alheri ga muhalli tunda sabon ba zai ci wuta kamar tsohon ba. Shine yake tambaya wai gaskiya ne?

Toh ɗan'uwa bari in baka amsa kai tsaye kafin in shiga dogon bayani. In dai ƙashin ginin nan lafiyarsa ƙalau, ina nufin fandisho da filoli da bim da dekin, to gyara shi ya fi rushewa sauƙi ga muhalli, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Aikina kenan injiniyan gini, yawancin abinda nake yi ma duba tsofaffin gine-gine ne, kuma maganar nan ta ɗan kwangilarku na ji ta ba adadi. Ba lallai ace da gangan yake ruɗarku ba, rabin lissafi kawai yayi, ɗaya rabin wataƙila ba'a taɓa tambayarsa akai ba.

Gini ta hanya biyu yake fitar da iskar kabon ɗin nan da ke ɗumama duniya. Akwai na yau da kullum, fanka, esi, fitilu, injin tura ruwa sama, ko na'urar ɗumama ɗaki a ƙasashen sanyi, wannan kowa ya sanshi saboda bil na zuwa duk wata. Sai kuma wanda baya zuwa a bil ko sau ɗaya, wanda aka riga aka saki sama tun kafin mutum na farko ya kwana a gidan, na ƙona siminti, na narka ƙarfe a yi rodi, na gilashi da alminiyom da tayil, da man da tifa da katafila suka sha. Shi wannan na biyun lokaci ɗaya ake biyansa gaba ɗaya a farko, kuma in an saki an saki kenan. Benenku ya biya nasa tun shekara arba'in da suka wuce. In kuka rushe kuka yi sabo zaku sake biya daga sifili.

Ɗauki siminti kawai. Dutsen farar ƙasa ake fasowa a niƙa a haɗa da yumɓu a zuba cikin wata ƙatuwar tanderu mai juyawa a ƙona har zafin ya kai wajen digiri 1,450. Man da ake ƙonawa dan a kai wannan zafin, galibi kwal ko gas, nasa hayaƙin daban ne. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine shi kansa dutsen in ya ji wuta sakin kabon yake, duk kilo 100 na tsantsar farar ƙasa, kilo 44 daga ciki iska ce da ke tashi sama, kuma wannan ɓangaren ya fi rabin duk hayaƙin siminti. Ma'ana ko yau masana'antar ta koma wuta mai tsafta ɗari bisa ɗari wannan kason yana nan, tunda daga cikin dutsen yake fitowa. Shi yasa siminti shi kaɗai yake ɗauke da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa. Buhu ɗaya mai kilo 50 ya saki tsakanin kilo 30 zuwa 45, ya danganta da irinsa. Yanzu ka zauna ka ƙiyasta buhu nawa ya shiga bene mai hawa uku tun daga fandisho har dekin na ƙarshe, banda bulo da filasta. Rodi ma ya fi haka nauyi, tan ɗaya na ƙarfe a matsakaicin lissafin duniya kusan tan 2 na kabon ne, sai dai in tsohon ƙarfe aka narka da lantarki, wannan kam bai kai rabin haka ba.

To duk wannan simintin da rodin ina suka taru? A ƙashin ginin. A ginin kankare, fandisho da filoli da bim da dekin su ke ɗauke da rabi ko fiye na duk kabon ɗin da aka kashe wajen gini. Kuma su ne suka fi komai tsawon rai. Fenti shekara biyar ya gaji, wayarin da bututun ruwa shekara ashirin zuwa talatin, tagogi da rufi su ɗan fi haka, amma kankaren da aka yi da kyau kuma ruwa bai samu hanyar shiga jikin rodinsa ba zai kai shekara tamanin, ɗari, yana tsaye. Ka sake duba ƙorafin da ka lissafo min, zafi, cin wuta, yoyo. Babu ko ɗaya a ciki da yake ciwon ƙashi, duk na fata ne da tufafi, abubuwan da dama can lokacin canza su yayi. Tsagewar bangon ce kaɗai nake son a duba da kyau, zan dawo kanta.

Yanzu maganar cewa sabon ba zai ci wuta ba. Eh gaskiya ne sabon gini da aka tsara da hankali ya fi tsoho sauƙin wuta, amma tambayar ita ce shekara nawa zai ɗauka kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wato kafin ɗan ragin da yake yi duk shekara ya cike ramin da aka haƙa ranar gininsa. Wata ƙungiyar kula da tsofaffin gine-gine a Amurka, National Trust for Historic Preservation, ta sa an yi wannan lissafin sama da shekara goma da suka wuce, akan gidaje da ofisoshi da makarantu a birane masu yanayi daban-daban. Abinda suka samu shine sabon ginin da ya fi matsakaicin tsohon gini sauƙin makamashi da kashi 30 cikin 100 sai ya ɗauki tsakanin shekara 10 zuwa 80 kafin ya biya bashin kabon ɗin gininsa. Shekara tamanin fa, wani ginin ma an sake rushe shi kafin nan.

Bari in baka misali da lambobin da na zaɓa dan sauƙin fahimta kawai, ba na wani takamaiman gini bane. Mu ɗauka sabon gini zai ci kilo 600 na kabon a kowane murabba'in mita, gyara mai zurfi kuma zai ci 200. Bambanci 400 kenan. In sabon ya fi wanda aka gyara ragin kilo 10 a shekara a kowane murabba'in mita, kaga shekara 40 kenan kafin su yi kunnen doki. Kuma akwai abinda ke ƙara tsawaita wannan lokacin, wutar lantarki a ƙasashe da yawa tana ƙara tsafta, sola da iska suna shigowa, to duk shekarar da wuta ta ƙara tsafta ragin da sabon ginin yake taƙama dashi yana ƙara ƙanƙancewa, shi kuwa bashin siminti yana nan yadda yake. Ga shi kuma lokaci ba ɗaya bane. Kabon ɗin da ka saki yau ya fara ɗumama duniya yau kuma wani kasonsa zai daɗe ɗaruruwan shekaru a sama, alhali ƙasashe suna ta alƙawarin rage hayaƙi kafin 2030 da 2050. Ragin da zai fara amfani a 2065 bai taimaki wannan alƙawarin da komai ba.

Kuma ka lura da wani abu a maganar ɗan kwangilar, wannan shine inda na fi son ka riƙe. Sabon gini mai kyau ya ɗauka ya gwada da tsohon gini yadda yake yanzu, da yoyonsa da tsofaffin tagoginsa. Ai ba haka ake gwaji ba. Da tsohon da aka gyara da kyau zaka gwada. Sola bata san shekarun rufin da aka ɗora ta akai ba, gilas mai tare zafi yana shiga tsohuwar taga, rufi ana canza shi a sa masa abin hana zafi ratsawa. Kusan duk abinda ya lissafa muku a matsayin amfanin sabon gini ana iya saka shi a benenku ba tare da an taɓa fila ko ɗaya ba.

Sai ɓaraguzai. A Amurka hukumar kare muhallinsu ta ƙiyasta tan miliyan 600 na sharar gini a 2018, kuma sama da kashi 90 cikin 100 daga rusau ne. A Tarayyar Turai sharar gini da rusau ta fi kashi ɗaya cikin uku na duk sharar da suke fitarwa. Za'a ce maka ai ana sake sarrafa su. Ƙarfe da alminiyom eh ana narka su a sake. Kankare kuwa farfasa shi ake a yi cikon hanya ko cikon rami dashi, a mafi kyau a mayar dashi tsakuwa, amma simintin da ke cikinsa baya komawa siminti, sabon ginin dole sai an ƙona masa sabo. Ga yashi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta duniya na kwasar wajen tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa duk shekara, kuma yashin hamada baya yin kankare mai kyau saboda iska ta goge shi yayi sulɓi, shi yasa koguna da bakin teku ake ta yashewa har gaɓarsu tana zaftarewa. Ƙurar da maƙwabta zasu shaƙa wata da watanni ma wani abu ne da ba'a sakawa a lissafi.

Akwai aikin da nake yawan bawa mutane misali dashi saboda ya burge ni ƙwarai. A birnin Bordo na Faransa akwai wata unguwa, Grand Parc, da wasu dogayen benaye uku na gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka gina a farkon shekarun 1960, gida 530 a ciki. Irin benayen nan ne da aka daɗe ana rushewa a Turai ana cewa sun yi muni sun tsufa. Masu zanen gini Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal tare da abokan aikinsu suka ce a bar su. Abinda suka yi shine suka gina wani sabon sashe mai faɗin mita 3.8 a jikin fuskar ginin tun daga ƙasa har sama, yana tsaye da ƙafafunsa, suka cire ƙananan tsofaffin tagogin suka buɗe bangon suka sa manyan ƙofofin gilas, sai kowane gida ya samu ƙarin fili mai haske da baranda, kuma wannan filin yana tare sanyi da zafi kafin su iso cikin ɗaki. Abinda ya fi taɓa ni shine ba'a tashi mutanen ba, suna cikin gidajensu aka yi aikin, tsohuwar da ta shekara talatin da maƙwabtanta bata rabu dasu ba, kuɗin haya kuma bai tashi ba. Aikin ya ci babbar kyautar zanen gini ta Tarayyar Turai a 2019, su biyun kuma suka samu Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2021. Da tsohuwar zuma ake magani, in an samu wanda ya iya.

Benen Empire State na Niyok da aka gama a 1931 shima haka, da suka tashi gyara wajen 2009 ko tagogin basu zubar ba, guda 6,514 ne, a cikin ginin suka buɗe wajen aiki suna ciro su suna ƙara musu abin tare zafi suna mayarwa, kashi 96 cikin 100 na gilas da firam ɗin aka sake amfani dasu, burinsu rage makamashi da kashi 38. In kuma matsalar ita ce wuri yayi kaɗan, a Sidni ta Ostireliya an ɗauki wani benen ofis na 1976 aka riƙe wajen kashi 65 na filoli da bim da dekin ɗinsa da kusan duk bangon tsakiyarsa, aka jona masa sabon sashe har yawan filin da ake amfani dashi a ciki ya ninka, shine Quay Quarter Tower da aka gama a 2022. Ni kuwa wanda har yau yake min ciwo shine benen 270 Park Avenue a Niyok, hawa 52, an gama shi a 1960, an kashe maƙudan kuɗi an gyara shi wajen 2011 har ya samu shaidar kare muhalli mafi girma, bai cika shekara goma da wannan gyaran ba aka fara sauke shi a 2019. Masu shi suna da hujjarsu a lokacin, sun ce ma'aikata sun fi ƙarfin wurin, sabon zai ɗauki mutane da yawa. Amma lafiyayyen ƙarfe da gilas ne aka sauke.

Toh amma kar ka ɗauka ina cewa ba'a rushe gini sam. Ni da hannuna na sha rubuta rahoton cewa a rushe. Akwai wani bene da aka kira ni in duba, daga waje fes yake an yi masa sabon fenti, da muka ɓanɓare filastan filolin ƙasa sai muka tarar rodin ya zama kamar busasshen kara, kana murzawa yana zuba. Yashi mai gishiri aka yi aikin dashi tun farko, gishirin yana cikin kankaren ko'ina, ba inda zaka yanke kace daga nan lafiya. Gyaran irin wannan sai ya ci siminti da ƙarfe kusan na sabo kuma bayan shekara goma a dawo gidan jiya. Ran mutane ya wuce duk wani lissafin kabon, nace su kwashe mutane su sauke shi. A wani wurin kuma akasin haka, mai gini ya riga ya yi jinga da masu rusau saboda tsagewar bango, muka duba muka ga filasta ce kawai ta tsage da wani bututu da ke zubar da ruwa a gindin bango shekara da shekaru.

Shi yasa nace zan dawo kan tsagewar bangonku. Tsaga kala-kala ce. Wacce take sirara kamar gashi ta bazu kamar saƙar gizo, yawanci ta filasta ce ba abin tsoro bace. Wacce ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, sama ta fi faɗi ko ƙasa ta fi faɗi, kuma tana ƙaruwa, wannan alamar ƙasa na zama ne a ƙarƙashin fandisho, ita ma sau da yawa ruwa ne sila kuma ana iya tsayar da ita. Wacce ta fi ban tsoro ita ce wacce ta bi tsawon fila ko ƙarƙashin bim a miƙe, da jan tabo kamar na tsatsa, kankaren yana ɓallewa. Nan rodi ne yake tsatsa a ciki, ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da dama, sai ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Ba'a gane zurfin matsalar da ido. Injiniya zai zo da gudumar gwaji ya auna taurin kankaren, ya huda ya ciro ɗan guntu kamar gwangwani a kai a matse a ga ƙarfinsa, a auna gishirin da ke ciki, sannan a fesa masa wani ruwan magani, finolftalin. Inda ya koma ruwan hoda kankaren yana nan da kaifinsa da ke kare rodi daga tsatsa, inda bai canza kala ba iskar kabon ta ratsa ta kashe wannan kariyar. In ratsawar bata kai ga rodi ba kuna da sauran shekaru masu yawa, in ta kai a wasu wurare ana sassaƙewa a goge rodin a sake rufewa. Kuɗin wannan gwajin gaba ɗaya ba komai bane akan kuɗin rusau, amma wallahi mutane da yawa sun gwammace su tsallake shi.

Banda lalacewar ƙashi, akwai ginin da aka yi da kayan da ransu gajere ne tun asali, kamar wani kankare mara nauyi mai ƙofofin iska da aka yi rufin makarantu dashi a Birtaniya daga shekarun 1950 zuwa 1990, wanda a 2023 sai da aka rufe gine-gine a makarantu sama da 100 a Ingila saboda tsoron ruftawa. Akwai wanda aka gina a hanyar ruwa, duk gyaran da kayi ambaliya zata dawo. Sannan akwai maganar cunkoso, in ƙaramin gida ɗaya ne zaune a tsakiyar gari kusa da tashar jirgin ƙasa ko bas, aka sauke shi aka yi bene da iyali talatin zasu zauna su daina doguwar tafiya a mota kullum, to lissafin kowane mutum ɗaya zai iya fifita sabon. Ko a binciken Amurkan nan da na ambata akwai inda gyara bai yi nasara ba, mayar da sito gidajen kwana, saboda sabbin kayan da aikin ya ci sun yi yawa. Kuma duniya tana buƙatar sabbin gidaje, musamman inda jama'a ke ƙaruwa da sauri, gyara shi kaɗai ba zai samar wa kowa matsuguni ba. Abinda nake cewa kawai, ginin da ke tsaye lafiya, wanda yace a rushe shi ne ya kamata ya kawo hujja da lambobi.

Shi ma gyaran in ba'a iya ba sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Benen Grenfell a Landan gyara aka yi masa, aka lulluɓe shi da faifan alminiyom masu roba a tsakiya, a watan Yunin 2017 wuta ta bi wannan lulluɓin ta cinye benen, mutum 72 suka rasu. Duk abinda za'a manna a jikin bene a tambayi yadda yake da wuta kafin a tambayi yadda yake da zafi. Sai danshi, in ka toshe gini ko'ina dan kar sanyin esi ya fita baka bar masa hanyar numfashi ba, bango zai fara gumi, fumfuna ta fito, yara su fara tari. Kuma gini mai shekara arba'in akwai yiwuwar silin ɗinsa ko rufinsa na asbesto ne, tsohon fentin kuma da dalma a ciki. Asbesto in yana zaune ba'a taɓa shi ba da sauƙi, fasa shi da yanka shi ne ke tada ƙurar da ke kawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru ashirin ko talatin. Dan Allah kar a bar leburori su hau su farfasa shi da guduma ba kariya, a jiƙa shi, a cire shi ɗai-ɗai ba tare da karyawa ba, da abin rufe hanci na gaske. Wannan ko rushewa zakuyi dole ne a fara cire shi haka. Tsofaffin esi ma kar a yanke bututun a bar gas ɗin ya tashi, wanda ake kira R-410A kilo ɗaya nasa ya kai kilo 2,000 na kabon wajen ɗumama duniya.

Kuma kwaskwarima daban gyara daban. In tayil mai kyau zaku fasa dan kawai yayinsa ya wuce, ku cika fuskar ginin da gilas da alminiyom ta ɓangaren da rana ke duka, to an bar jaki ana dukan taiki, kun kashe kabon kuma ginin ya ƙara zafi.

Me yasa ake ta rushewa duk da haka? Yawanci lissafin aljihu ne da tsoron abinda ba'a gani ba. Sabon gini ɗan kwangila ya san adadin komai tun daga takarda, tsoho kuwa sai ka buɗe bango kake sanin abinda ke ciki, ga shi ribar babban aiki ta fi. Wani wurin ma doka ce ke tura mutane, a Birtaniya sabon gida ba'a ɗora masa harajin kayan masarufi, amma yawancin aikin gyara kashi 20 cikin 100 ake ɗorawa. Abin ya fara canzawa dai, Faransa tun 2022 dokar gininta tana lissafa kabon ɗin kayan gini, Denmak kuma daga 2023 ta sa iyaka ga manyan sabbin gine-gine.

In nine a matsayinku ga yadda zan bi. Gwajin ƙashi tukuna, kuma injiniyan da zai yi ya zama ba shi da alaƙa da wanda zai samu kwangilar. In ya fito lafiya sai a tsayar da ruwa, rufi da indararo da bututu da magudanar gindin bango, saboda ruwa shi ke kashe gini. Wajen canza rufin a sa mai haske da ke mayar da rana, a shimfiɗa abin hana zafi a ƙarƙashinsa, a bar hanyar da iska mai zafi zata fita daga cikin silin, hawa na sama zai canza nan take. Daga nan tagogi, inuwa daga waje ta fi komai aiki, rumfa ko baranda ko bishiya ta gabas da yamma, dan zafin da ya riga ya ratso gilas labule baya mayar dashi. A buɗe hanyar da iska zata shiga ta nan ta fita ta can. Sai wayarin da fitilu marasa cin wuta. Bayan duk wannan ne za'a auna girman esin da ake buƙata, zaku ga ya ragu sosai, sola kuma ita ce ta ƙarshe, saboda in kuka fara da ita zaku sayi faifai da batura ninkin abinda ya kamata, su ma kuma da nasu kabon ɗin. Ƙofofi da katakon da gara bata ci ba da ƙarafunan taga duk a ajiye a sake amfani dasu.

Shi kuma ɗan kwangilar ku ce ya rubuto muku buhun siminti nawa da tan nawa na rodi sabon zai ci, da wutar da yake ganin zai ci a shekara, sannan a samu wani ya rubuto irin wannan na gyaran. Ku ninka buhunan da kilo 40, tan ɗin rodi da 2,000, ku gwada. In an yi gwajin kankaren ka turo min sakamakon tare da hotunan tsagar, musamman na filolin hawan ƙasa da ƙarƙashin dekin ɗin banɗaki, nan ne ruwa ya fi ɓarna, sai in faɗa maka abinda na gani.